A sauko mana da ilimin kan dutse

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, nan Korahan ba mu da dogon dutse. Ƙasarmu jigawa ce da kwari. Shi ya sa idan aka ce wasu masana suna hawan manyan duwatsu domin su auna iska, su ƙidaya itatuwa, da yawa cikinmu za su ce: ina ruwan mai gonar hatsi da wannan? Mu dai ra'ayinmu dabam ne. Aikin nan ya shafe mu ƙwarai. Aibinsa guda ɗaya ne: ilimin da ake samowa yana tsayawa can sama, ba ya isowa wurinmu.

Mu fara da hadari. Kowane manomi ya san hadarin da ke ƙosar da gona daga gabas yake tasowa. To, ina mafarinsa? Arewa maso gabas da mu, tafiyar fiye da kilomita 400, akwai duwatsun Azbin cikin jahar Agadas. Mafi tsawonsu yana kan Bagazam, ya kai mita 2022. Da damana rana takan gasa duwatsun nan tun da hantsi. Iska mai zafi ta yi sama, ta ɗauki laimar da iskar kudu maso yamma ke kawowa daga teku. Zuwa la'asar gajimare ya taru, hadari ya haɗu, ya kama hanyar yamma. Masana sun bi sawun irin wannan hadari da tauraron ɗan Adam. Sun ga Azbin yana cikin wuraren da ya fi yawan tasowa, kamar duwatsun Jos a Nijeriya da na Darfur a Sudan. Ba kowane ruwan da ke sauka ƙasar Dakoro ne ɗan Azbin ba. Amma awon da aka yi a can yana taimaka wa masu hasashe su san abin da ke tafe, tun kafin mu ji sanyin iskarsa.

Akwai wani dalilin hawan dutse. Iskar cikin gari gauraye take da hayaƙin murhu da na motoci. Wanda ya auna ta, garin kawai ya auna. A ƙololuwar dutse kuwa, nesa da mutane, iskar da ta zagayo duniya ce ke wucewa. A shekara ta 1958 wani Ba'amurke mai suna Kilin ya sa na'ura a kan dutsen Mauna Lowa na tsibirin Hawai, wajen mita 3400 daga fuskar teku. Abin da yake aunawa shi ne iskar karbon, wadda ke fita idan an ƙone fetur, kwal ko icce. Iskar nan tana riƙe zafi a duniya kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Lokacin da ya fara, kashi 315 ce cikin miliyan. A 2024 ta wuce kashi 420. Da ya yi awon shekara ɗaya ya gaji, da ba wanda ya san tana ƙaruwa. Akwai irin wannan tasha a maƙwabciyarmu Aljeriya, a kan dutsen Asekram kusa da Tamanrasat, mita 2710.

Me wannan ya jawo mana? Hamada tana ƙara zafi, zafin kuma yana ƙara wa hadari ƙarfi. A 2017 masana na Ingila da Faransa suka fitar da binciken hotunan sama na shekara 35. Suka tarar manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Wato ruwa yana yawan zuwa da ƙarfi lokaci guda, ya kwashe ƙasar gona, ya rushe ɗakuna da rumbuna. Ba mu manta da damanar 2024 ba. Ambaliya ta halaka kusan mutum 400 a Nijar, kuma jaharmu ta Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wahala.

Da rani ma duwatsu suna da hannu cikin abin da muke shaƙa. A arewacin Cadi akwai wani kwari mai suna Bodele, busasshen gindin tsohon tafki. Iskar hunturu takan matse tsakanin duwatsun Tibasti da na Enedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi ƙurar kwarin. A 2005 masana sun yi zango a wurin sun auna haka. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe ƙasar Hausa daga can yake. Ƙura da busasshiyar iska mai zafi suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar sanƙarau ta sami hanyar shiga jini. An fara sabuwar allurar riga-kafi a Nijar a 2010, ta kuwa yi amfani sosai. Amma a 2015 wani nau'in cutar ya sake ɓarkewa. Saboda haka zazzaɓi mai zafi da ƙagewar wuya a lokacin hazo ba abin jira ba ne, a kai mutum gidan likita ran nan.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne binciken itatuwa, domin shi ne ya fi kusa da aikin hannunmu. A saman Bagazam akwai wani zaitun na daji da ba a samunsa sai a kan manyan duwatsun hamada. Ragowa ne daga zamanin da ƙasar ke da ruwa. Masana na Faransa da na Nijar sun hau sun duba shi, suka fitar da sakamako a 2008. Tsofaffin itatuwan suna nan da rai, amma da ƙyar ake ganin ƙaramin da ya tsiro daga ƙwaya. Tofo suke yi daga gindi, awaki da raƙuma kuma suna cinye tofon. Icce yana iya daɗewa a tsaye alhali zuriyarsa ta yanke, ba wanda ya lura sai mai ƙidaya. A ƙasar Azbin ɗin dai, an gano cewa ƙaramin kandili ya fi rayuwa idan ya tsiro cikin tushen ciyawar da Buzaye ke kira afazo. Ciyawar tana ɓoye shi daga bakin dabba har ya yi ƙarfi.

Wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Sassaben zamani, wanda aka fara a jahar Maraɗi a 1983, shi ma ke nan: a bar kututture ya tofo, a zaɓi rassa masu ƙarfi, a tsare su. Ta wannan hanya manoman Nijar sun rayar da itatuwa wajen miliyan 200. Da an zo an gaya mana abin da aka gani a kan dutse, da mai sassabe ya san cewa ciyawar da ke gindin ƙaramin icce makiyayiyarsa ce, bai kamata a share ta ko a sa mata wuta ba. Mu ma da mun gaya wa masanan abin da shekaru 40 suka koya mana. Amma an rubuta binciken da Turanci, a littattafan da ko malamin gona ba ya gani.

Wani zai ce: kuɗin na'urorin nan, da rijiya aka gina da su ko aka sayi iri, ai da ya fi. Maganar tana da nauyi, mai ƙishirwa ba ya shan awo. Sai dai mu tuna tiya nawa ta iri muke binnewa kowace shekara bayan ruwan farko, rana ta ƙone ta, mu sake shuka sau biyu ko sau uku. Wannan ma kuɗi ne, kuma daga rumbun talaka suke fita. Tun 1988 wani masani a cibiyar binciken noma ta Sadore, kusa da Yamai, ya ba da ƙa'ida. Damana ta kama idan an sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma ba a yi fari fiye da kwana 7 ba cikin kwana 30 masu biyowa. Rabin farko na ƙa'idar, ma'aunin ruwan sama a ƙauye ya isa ya gaya mana. Rabi na biyu sai da hasashe, hasashe kuma ba ya kyau sai da awo daga wurare da yawa, har da kan dutse.

Don haka muna kira ga hukumar kula da yanayi, wato meteyo, da cibiyar Agirimet ta Yamai, wadda ke aiki tun 1974, da jami'o'inmu. A ƙara ma'aunai a Bagazam da Timiya da sauran Azbin, a koya wa ƴaƴan wurin kula da su. Mun ga yadda rashin kwanciyar hankali a arewa daga 2007 zuwa 2009 ya hana baƙi hawa, ɗan gida kuwa yana nan ko da wane hali. Kuma duk abin da aka gano, a mai da shi Hausa da Tamajak da Fulatanci, a karanta a gidajen rediyon karkara, a aiko wa wannan jarida.

Mu ma da namu aikin, tunda yanzu mun iya rubutu da lissafi. Kowane ajin yaƙi da jahilci ya roƙi magajin gari ko malamin gona ma'aunin ruwan sama guda. A kafa shi a fili, nesa da icce da katanga. Kowace safiya bayan ruwa mutum ɗaya ya duba, ya rubuta kwanan wata da yawan milimita, ya zubar da ruwan. Ranar hazo mai kauri ita ma a rubuta ta, da ranar da aka yi shuka, da ranar da shukar ta ƙone idan ta ƙone. Littafi ɗaya mai shafi 100 ya isa damana uku. A ajiye shi wurin malamin aji, cikin akwatin ƙarfe, kada gara ta ci.