Tsohon Makaɗi Na Raye Muddin Ana Zuwa Kallonsa

A daren Asabar 31 ga watan Mayu na 2025 mun shiga wani gidan kallon ƙwallo da ke kusa da rijiyar Kusugu a nan Daura, domin kallon wasan ƙarshe na cin kofin zakarun Turai tsakanin PSG da Inter Milan. Kafin a take ƙwallo a birnin Munich na ƙasar Jamus, sai aka nuno wasu makaɗan Amurka da ake kira Linkin Park suna kaɗa jita da ƙarfi, jama'a kuwa suna amsa musu. Samarin da ke zaune tare da mu suka yi ta dariya, suna cewa a kawar da wannan hayaniya a sa musu ƙwallo. Mu kuwa abin ya ba mu tunani.

Waɗannan mutane ba yara ba ne. Sun yi tashe tun shekarar 2000 da irin kiɗan da Turawa ke kira nu-metal, wato jita mai ƙara haɗe da waƙar rap. Jagoran waƙarsu, Chester Bennington, ya rasu a 2017, suka yi shekara 7 ba su hau dandali ba. A 2024 suka ɗauko wata mata mai suna Emily Armstrong ta tsaya a gurbinsa. Magoya bayansu sun yi gardama a kan haka, amma duk da gardamar sun sayi tikiti sun cika filaye, har da waɗanda suka fara jin waƙoƙin suna 'yan makaranta, yanzu ga su da furfura. Ba kiɗan ne muke yabo ba, domin kunnenmu bai saba da shi ba. Halin 'yan kallon ne ya kamata mu duba.

To, mu fa? Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma a nan Daura aka binne shi, garin ubangidansa, marigayi Sarki Muhammadu Bashar. Duk dattijon da ya taɓa tsayawa a wurin wasan Shata zai gaya muku cewa kaset bai ɗauko rabin abin da ake gani ba: yadda kalangu ke amsa masa, yadda yake hango mutum a cikin taro ya saka shi cikin waƙa nan take, yadda 'yan amshi ke tare shi kafin ya rufe baki. Gani ya kori ji. Musa Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Wanda bai je ya gan su ba, wannan dama ta wuce masa har abada.

Abin baƙin ciki shi ne, waɗanda suka rage ba ma neman su. A yau idan za a yi biki, sai a yi hayar lasifika da yaro mai kwamfuta, a bar mai kalangu da mai kotso a gida. Makaɗin da ba a gayyata ba ya samun na cefane, ɗansa kuwa yana gani, sai ya jingine gangar ya nemi babur na haya. Ta haka ne sana'ar da aka gada kaka da kakanni take yankewa ba tare da kowa ya lura ba.

Wasu za su ce kiɗan gargajiya ya cika roƙo da zambo, wani lokaci har da batsa. Ba mu musa ba. Amma mai biki shi ke da ikon gaya wa makaɗi abin da ba ya so a faɗa a ƙofar gidansa. Lasifika ba a yi mata wannan gargaɗi, kuma kowa ya san irin kalmomin da take zubawa a kunnen yaranmu.

Saboda haka muna kira ga masu shirya biki su ware ko da sa'a guda domin makaɗan gida, su kuma biya su haƙƙinsu cikin mutunci. Shugabannin makarantu su gayyato su ranar ba da kyaututtuka, su yi wa ɗalibai bayanin kayan kiɗansu. Iyaye kuma, idan lokacin hawan Sallah ko na Gani ya zo, ku riƙe hannun yaranku ku kai su kusa da makaɗan fada, ku gaya musu wannan tambari ne, wannan kakaki, wannan algaita.

Baƙi na zuwa daga nesa su leƙa rijiyar Kusugu, kuma rijiyar za ta jira su ko bayan shekara 100. Tsohon makaɗi ba zai jira ba. Allah ya ba mu ikon girmama na gida tun yana da rai.