Hotspot Ba Abin Alfahari Ba Ne

A ƙarshen shekarun 1990, mai na'urar Palm a Amurka kan haɗa ta da wayar salula domin ya duba imel a hanya, maneji kafin ya isa ofis. A Wudil kuwa, inda aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, shekarar da GSM ta shigo Najeriya, manejin nan ya zama madogarar ɗalibai da dama: a kunna hotspot, a jona kwamfuta, waya ta ɗau zafi, caji ya ƙare.

Masu kiran wannan hazaƙar matasa asirin hukuma suke rufawa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, nauyin ya faɗa aljihun ɗalibi. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin intanet mai sauri ya kai kashi 70 zuwa 2025. Wa'adi ya cika, ba a kai ba.

Garin ilimi na buƙatar layin fayiba tamkar ruwa da lantarki. Rashin uwa ke sa a yi uwar ɗaki, amma ba ya mayar da ita uwa.