Maganin Tangaɗin Mota Mai Ɗaki

A Amurka da Turai akwai wata irin mota mai ɗakin kwana da kicin, wadda iyali kan yi yawon hutu a cikinta. Babbar illarta ita ce tangaɗi, musamman a kwana ko idan tirela ta gifta ta. Masu ita kan garzaya su sayi sandar ƙarfen nan mai haɗa ƙafar hagu da ta dama, wadda ke rage karkata. Sandar tana da amfani, amma ba daga nan ya kamata gyara ya fara ba.

Tushen matsalar tsayi ne. Duk abin da cibiyar nauyinsa ta yi sama, saurin faɗuwa gare shi. Shi ya sa kunkuru ya fi jimina wuyar kayarwa. Saboda haka wajibi ne a jera kaya masu nauyi a ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a kuma ba tayoyi iska daidai da lodinsu. Gudu ma abin lura ne, domin in ya ninka biyu, ƙarfin iskar da ke dukan motar ninki huɗu yake yi.

Direban da ya labta kaya a rufi ya kuma taka wuta, da ran iyalinsa yake caca, ko wace irin sanda ya ɗaura.