Barewar Alaska da gardamar farautar ƙarshen shekara

Alaska jiha ce ta ƙasar Amurka, can ƙuryar arewa, inda sanyi yake da tsanani. A kudu maso gabashin jihar akwai tsibirai masu yawa, wato ƙasa wadda ruwan teku ya kewaye ta ko'ina. Garuruwa da dama a can ba su da hanyar mota da ta haɗa su da sauran duniya, sai jirgin ruwa ko jirgin sama. Duk abin da ke cikin kanti daga nesa aka kawo shi, shi ya sa yake da tsada ƙwarai. Saboda haka cimakar magidanta da yawa ta dogara ga kifi da naman barewa. A kan wannan barewa ne ake ta ja-in-ja a shekarun nan, tsakanin mutanen ƙauye da mutanen birni, da kuma hukumomi biyu masu iko da dawa.

Ana kiranta barewa mai baƙar wutsiya. Mun ce mata barewa ne don ita ce ta fi kama da ita cikin namun dajin da muka sani, amma ba iri ɗaya ba ne. Namiji kaɗai ke da ƙaho, ƙahon kuma yana da rassa kamar itace. Kowace shekara, wajen Disamba ko Janairu, sai ya faɗi, wani sabo ya tsiro daga baya. A watan Oktoba, lokacin da suka fi ƙiba, namiji yakan kai kilo 54, mace kuma kilo 36. Mace takan haihu a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, sau da yawa tagwaye.

Me ya sa kowa ke jiran Nuwamba?

A tsibiran da ke kusa da garin Sitka ana buɗe farauta ran 1 ga Agusta. Amma a lokacin bareyi suna can bisa duwatsu, inda ciyawa take ɗanya. Sai mai ƙarfin ƙafa ke iya hawa, ya harba, ya saɓo nama ya sauko. Dattijo ba ya iyawa.

Da Nuwamba ta kama, abubuwa biyu suke faruwa tare. Na farko, lokacin barbara ne. Namijin da ya shekara yana ɓuya sai ya manta da tsoro, ya dinga yawo da rana tsaka yana bin mata. Maharbi yakan busa wani ɗan abin busa mai kwaikwayon kukan ɗan barewa. Mace ta taho dubawa, namiji na biye da ita. Na biyu, dusar ƙanƙara takan fara rufe duwatsu, ta koro bareyi zuwa ƙasa. In ta yi yawa, har bakin teku suke zuwa suna cin ciyawar da ruwa ya turo gaɓa. Nan ne mai kwalekwale mai inji yake samunsu ba tare da wahala ba. Sai dai rana gajera ce: a Disamba haske yakan ragu zuwa wajen awa 6 da rabi, tekun kuma ba ta da tabbas. Ranakun da za a iya fita kaɗan ne, kowa kuma su yake jira, ɗan ƙauye da ɗan birni. Tushen gardamar ke nan.

Doka biyu a dawa ɗaya

A shekarar 1980 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan wata doka game da filayen Alaska. Dokar ta ce, a filayen gwamnatin tarayya, in namun daji ko kifi sun yi ƙaranci, mazaunin karkara mai neman abin kai wa baka shi ne a gaba. Ba ta ce ƴan ƙabila kaza ba, ko da yake yawancin mutanen wasu ƙauyukan ƴan asalin wurin ne, Tilingit da Haida. Cewa ta yi mazaunin karkara. A 1989 kotun ƙoli ta jihar Alaska ta yanke hukunci cewa wannan fifiko ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, wanda ya ce namun daji na kowa ne. Tun 1990 sai gwamnatin tarayya ta karɓi lura da farautar cimaka a nata filayen, jiha kuma ta riƙe nata. A yankin Sitka, farautar dokar jiha tana rufewa ran 31 ga Disamba. Ta mazauna karkara, bisa dokar tarayya, tana kaiwa 31 ga Janairu, mutum ɗaya kuma yana iya harbin barewa 6.

Mutanen ƙauyuka uku, Angun da Huna da Pelikan, sun daɗe suna kuka. Angun ba ta kai mutum 400 ba, Pelikan kuwa wajen 100 ne. Juno, babban birnin jihar, tana da mutum sama da 30,000, da jiragen ruwa manya masu iya kwana a teku. Ƴan ƙauye suka ce, in mutum ya sayi mai da tsada, ya isa mashigin da ubansa ya saba farauta, ya tarar da jirgin baƙo ya riga shi, to ranar ta tafi, man kuma ya ƙone a banza. Ma'aikatar kifi da namun daji ta jiha ta ƙi yarda. Ta ce bareyin yankin suna da yawa, ba a ganin alamar ƙaranci, don haka babu dalilin hana kowa. A watan Afrilu 2024 hukumar tarayya mai lura da farautar cimaka ta yi raba-gardama: ta rufe wasu wurare kusa da ƙauyukan uku ga waɗanda ba mazauna karkara ba, daga 1 zuwa 10 ga Nuwamba.

A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Jiha tana ƙirga bareyin da ke cikin dawa. Ƴan ƙauye suna ƙirga naman da ya shigo gida. Rijiya tana iya cika da ruwa, amma in guga goma sun riga naka, ka koma da tulu wayam. Akwai kuma wani gyambo da hukuncin ya taɓo: ɗan Angun da neman aiki ya kai shi Juno ya zama ɗan birni a idon doka. In ya zo gida cikin waɗannan kwana goma, ba shi da izinin harbi a dajin da ya girma. Abin mamaki kuma, gaɓar da ruwan teku ke rufewa yana janyewa ta jiha ce, ba ta tarayya ba, don haka hanin bai kai can ba.

A watan Fabrairu 2025 hukumar nan ta mai da garin Kecikan cikin jerin karkara, bisa roƙon ƴan asalin garin. Su dai sun yi murna. Mutanen tsibirin Prince of Wales, wanda ke maƙwabtaka da su, hankalinsu ya tashi, domin dubban mutane ne suka shigo sahun masu fifiko, bareyin tsibirin kuwa an daɗe ana kukan raguwarsu.

Abin da ya fi bindiga ɓarna

Wanda ya tsaya ga zancen wa zai harba, da yaushe, bai ga rabin matsalar ba. Abin da ya fi kashe barewar nan shi ne yunwar lokacin sanyi. Daga ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007 dusar ƙanƙarar da ta zuba a Juno ta kai mita 5. Bareyi masu ɗimbin yawa suka mutu, har aka hana harbin mata a yankin Huna na wasu shekaru.

A irin wannan shekara, tsofaffin itatuwa ne ke ceton barewa. Rassansu masu faɗi suna tare ƙanƙara a sama, ganyen da ke ƙasa ya zauna a buɗe. Iska kuma takan kaɗo wani irin gansakuka daga rassan, barewa ta ci. Makiyayin da ya san abin da gawo ke yi wa bisashe da rani zai gane wannan nan take. Dajin sunansa Tongas, faɗinsa wajen hekta miliyan 6.8, wato ya fi jihar Maradi sau ɗaya da rabi. Daga shekarun 1950 aka yi ta sare shi ƙaf, fili bayan fili, don ciyar da manyan masana'antu biyu masu niƙa itace. Ta Sitka ta rufe a 1993, ta Kecikan a 1997. An daina saran da yawa, amma ɓarnar yanzu take nunawa. Filin da aka sare yakan yi ganye da farko, sai dai ƙanƙara na binne shi da sanyi. Bayan shekara 25 zuwa 30, sababbin itatuwa sukan taso a cushe, kansu ɗaya, su tare hasken rana. Ƙarƙashinsu ba abin da ke tsira, kuma haka zai zauna fiye da shekara 100 in ba a rage su ba. Tsibirin Prince of Wales na cikin wuraren da aka fi sarewa. Wasu mafarautan can suna ɗora laifi a kan kyarkeci, kuma lalle yana cin barewa. Amma kyarkeci ya daɗe a tsibirin tun kafin zarto ya zo.

Abin da ya rage na tsohon daji kuwa yana hannun siyasa. A 2001 gwamnatin Bill Clinton ta kafa dokar hana buɗe hanyoyi da saran katako a dazuzzukan da hanya ba ta shiga ba. A Tongas ta shafi hekta wajen miliyan 3.8. A 2020 gwamnatin Donald Trump ta cire Tongas daga ciki. A Janairu 2023 gwamnatin Joe Biden ta mayar da shi. A Yuni 2025 ministar noma, Brooke Rollins, ta sanar da niyyar soke dokar a ƙasar baki ɗaya. Masu goyon baya suna zancen aikin yi da hanyoyi, kuma ba ƙarya ba ne cewa hanyoyin ƴan katako su ne mafarauta da yawa ke bi a yau. Amma itacen da ke tare ƙanƙara ɗaruruwan shekaru ya yi kafin ya kai haka, wa'adin shugaba kuwa shekara 4 ne.

Su ma mazauna karkara akwai nauyi a wuyansu, musamman a watan Janairu da doka ta bar musu su kaɗai. A lokacin maza sun rame saboda barbara, da yawa sun zubar da ƙaho, daga cikin kwalekwale da wuya a bambanta su da mata. Matan kuwa yawancinsu suna da ciki. Wanda ya harbi mace ɗaya a bakin teku cikin Janairu, mai yiwuwa barewa uku ya cire daga lissafin watan Yuni.