NATSUWA DABAM, KYAWUN HALI DABAM

 

Ya 'yan'uwa, akwai wata da'awa da ta cika duniya, har ta iso wayoyin matasanmu ta hanyar manhajoji irin su Calm da Headspace. Da'awar ita ce: wai duk wanda ya dawwama shekara da shekaru a kan zaman tattara hankali, wato ya zauna shiru yana bin numfashinsa kamar yadda mabiya addinin Buddha suke yi, to halinsa zai gyaru, fushinsa ya mutu, tausayinsa ya ƙaru. Tun da Jon Kabat-Zinn ya tuɓe wa wannan zama rigar addini a 1979, ya mai da shi darasin mako 8 a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, ake tallarsa kamar maganin kowace cuta. Mu kuwa muna cewa: a kawo hujja.

Adalci ya wajaba a kanmu ko da ga wanda muka saɓa wa, don haka ba mu musun abin da ya tabbata. A 2004 Richard Davidson da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin sun auna ƙwaƙwalwar mutum 8 da suka shafe awa 10,000 zuwa 50,000 suna wannan zama, suka ga aikinta ya bambanta da na sababbin shiga. A 2014 kuma wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 47 ya nuna cewa zaman yana rage damuwa da ƙuncin rai daidai gwargwado. To, amma na'urar da ke auna ƙwaƙwalwa ba ta auna riƙon amana, ba ta kuma san yadda mutum yake da iyalinsa ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Da aka zo kan halin kansa, sai maganar ta yi rauni. A 2018 Ute Kreplin da Miguel Farias da Inti Brazil sun bi diddigin bincike 22 a kan ko zaman yana kyautata mu'amala. Ba su ga ya rage faɗa ko ƙyamar wasu jinsin mutane ba. Ƙaruwar tausayin da ake ta yayatawa kuwa, sun tarar tana bayyana ne idan malamin da ya koyar da zaman yana cikin marubutan binciken. Ina amfanin shaidar mai kaya a kan kayansa?

In an ce ai waɗannan 'yan makonni kawai suka yi, to ga manyan. Sogyal Rinpoche ya shafe shekaru masu yawa yana koya wa dubban Turawa wannan zama da darussan tausayi. A 2017 almajiransa 8 na kusa suka rubuta wasiƙa suna zarginsa da dukan mabiya da lalata da mata, ya sauka daga shugabanci, binciken lauyoyi na 2018 kuma ya gaskata da yawa daga cikin zarge-zargen. A Japan, manyan malaman ɗariƙar Zen, waɗanda suka ƙare rayuwarsu a zaune suna tattara hankali, sun sa wa yaƙin mamaya na sojojin ƙasarsu albarka, kamar yadda Brian Victoria ya tona a littafinsa na 1997, har reshen Myoshinji ya fito ya nemi afuwa a 2001. Ba muna nufin kowane mai wannan zama azzalumi ne ba. Abin da muke nufi shi ne tsawon zaman bai hana zalunci ba.

Dalilin a fili yake. Tattara hankali kamar wasa wuƙa ne: yana ƙara kaifi, amma ba ya zaɓa wa wuƙa abin da za ta yanka. Ɓarawo ma yana bukatar natsuwa. Kuma wanda ya koyi kallon duk abin da ya taso a zuciyarsa ba tare da hukunta shi ba, yana iya kallon nadama ita ma ta wuce, alhali nadama ce ƙofar tuba.

Wannan ma'auni bai tsaya ga waɗancan ba, ya hau kan kowa. Khawarijawa sun shahara da tsayuwar dare da yawan karatu, amma daga cikinsu Ibn Muljam ya fito ya kashe Sayyidina Aliyu (R.A.) a shekara ta 40 bayan Hijira. Haka nan Imamu Ahmad ya ruwaito labarin matar da aka yaba da yawan nafila da azumi, amma tana cutar da maƙwabta da harshenta, Annabi (S.A.W.) ya ba da labarin cewa makomarta wuta ce. Saboda haka kada wani ya ruɗe mu da adadin kwanakin halwarsa, ko tsawon carbinsa, ko yawan wa'azin da ya halarta.

Hausawa na cewa hali zanen dutse. Mu ba mu yarda cewa ba ya sauyawa ba, domin da haka ne da ba a aiko Manzanni ba. Amma yana sauyawa ne da ilmin halal da haram, da tuna ranar hisabi, da yaƙar son zuciya a inda ake jarraba ta: a kasuwa wajen awo, a gida lokacin fushi, a ofis yayin da aka miƙo toshiyar baki. Duk wanda ya ce zuciyarsa ta tsarkaka, a tambayi maƙwabcinsa da mai binsa bashi.

Allah Ya kyautata halayenmu, Ya tsare mu daga ruɗin kai.