Baƙon da Bai Shiga Cikin Ganuwa Ba, Bai Ga Kano Ba

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Amma akwai wani irin gani da ba ya korar komai, watau ganin da ake yi ta tagar mota. Irin wannan shi ne rabon yawancin baƙin da aikin Gwamnati ko neman ilmi yake kawowa Kano. Ma'aikaci zai zo taro daga Legas ko Abuja ko Yamai, a tarbe shi a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, a kai shi masauki a Nassarawa ko Bompai, a ciyar da shi soyayyiyar shinkafa da kaza kwana uku, a zaga da shi ya ga gadojin sama da manyan kantuna, sa'an nan a mai da shi filin jirgi. In ya koma gida ya ce ya je Kano, alhali kuwa ko inuwar ganuwa bai taka ba.

Laifin na mai masauki ne, domin baƙo inda aka kai shi nan zai je. Akwai 'yan boko da yawa da suke jin nauyin shigar da baƙonsu lungunan birni, suna ganin kamar jar ƙasa da abincin gargajiya za su zubar musu da girma. Wannan kuskure ne mai tsada. Gadar sama da kantin zamani akwai irinsu a kowane babban gari, amma Dala ɗaya ce, Kurmi ma ɗaya ce. Wuni guda ya isa a nuna wa baƙo abin da ya sa ake yi wa garin kirari da tumbin giwa.

Ya kamata a yi sammako a fara da Dutsen Dala, tun rana ba ta yi zafi ba. Nan ne tushen garin. Masu binciken tarihi sun gano alamun narkar da tama a gindinsa tun wajen ƙarni na 7, kuma Tarihin Kano ya nuna a nan ne Barbushe yake shugabantar masu bautar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. Wanda ya hau matakala ya kai ƙololuwa zai ga birni shimfiɗe a ƙarƙashinsa: Goron Dutse a gefe, hasumiyoyin Babban Masallaci can gaba, unguwanni kuwa a cushe da juna kamar saƙar tabarma. Daga nan sama ne mutum zai fahimci fasalin garin kafin ya shiga cikinsa. In an sauko, karin kumallo yana nan a bakin hanya: koko da ƙosai, ko kuwa waina mai zafi daga tanda, a ci da miyar taushe ko a barbaɗa mata yaji.

Daga Dala sai Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a zamanin mulkinsa, daga 1463 zuwa 1499. Shekaru aru-aru nan ne matattarar ayarin da suke ƙetaro hamada da gishiri da kayan Larabawa, su koma da tufafi da fatu. Jar fatar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa ita ce Turawa suka riƙa kira fatar Maroko, saboda ta can take bi ta isa gare su. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin garin suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Gaskiya kuma ba ta buƙatar ado: a wannan kasuwa an yi cinikin bayi, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibi wannan ba. A yau baƙo zai tarar da dukawa da jakunkuna da takalma, da masu sirdi da linzami da likkafa, da masu ƙwarya da turare da littattafan addini, kowace sana'a da layinta.

Abincin rana shi ne wurin da mai masauki ya fi yin kuskure. Abincin da ya fi kowane zama na Kano shi ne gurasa, wadda asalinta daga Larabawan da suka zauna a birni ne, har akwai unguwa sukutum mai suna Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Da garin alkama ake kwaɓa ta, a bar ta ta tashi, a manna ta a jikin tanderu ta gasu. In aka yayyafa mata ruwa, aka zuba garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yaji da albasa da tumatir, ta zama bandashe, abincin da yake ƙosar da ɗan dako da attajiri baki ɗaya. Mai son abu mai nauyi ga tuwon shinkafa da miyar kuka, ga ɗanwake da mai da yaji, a kora da fura da nono ko zoɓo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai ci rabin kuɗin faranti guda na otal.

Bayan azahar sai a nufi Gidan Makama, inda Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne a hannun Gwamnatin Tarayya. Ginin kansa darasi ne: katangun tubali masu kauri da suke riƙe sanyi a tsakiyar bazara, da rufin azara, da bakan gizo da magina suka ɗaura ba tare da ƙarfe ko siminti ba. Kusa da shi ga Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano suke zaune a ciki fiye da shekara 500. A arewacin fada kuma ga Babban Masallaci, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A filin Ƙofar Kudu ne ake Hawan Daushe, ɗaya daga cikin hawan Sallah da Hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024. Sai dai mai niyyar zuwa kallo ya fara tambaya, domin a Babbar Sallah ta 2024 da Ƙaramar Sallah ta 2025 'yan sanda sun hana hawan saboda rikicin sarauta.

Da la'asar, marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce an kafa ta a 1498. A nan baƙo zai ga marina suna haɗa baba da toka da katsi a rijiyar rini, a bar haɗin kwanaki ya nuna, sa'an nan a yi ta tsoma zane ana ɗagowa ya sha iska, har launin ya kama. A gefe kuma ga masu bugu suna lallasa tufa a kan gungume har ta yi ƙyalli. Amma baƙo zai ga wani abu kuma: rijiyoyi da yawa sun bushe, wasu sun cika da shara, domin atamfar waje mai araha da rinin kanti sun janye masu saye. Mai sauran lokaci ya leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, gidan Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a wurin a 1909. Da magariba kuwa a biya Agadasawa a sayi kilishi, a haɗa da alkaki da dambun nama, tsarabar mutanen gida ke nan.

To, mai musu zai ce duk an ji, amma cikin birni akwai cunkoso, akwai kwata a buɗe, babu bayan gida mai tsabta, kuma wa zai ɗauki alhakin baƙo in abincin bakin titi ya ɓata masa ciki? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba a kuwa kawar da ita da kirari. Maganin na ƙarshen sananne ne: a ci abin da aka sauke daga wuta a gaban ido, a sayi abinci inda 'yan gari suke layi, a sha ruwan da aka tabbatar da tsabtarsa. Sauran kuwa aikin hukuma ne. Amma gudun birni ba zai share kwata ba. Wurin da manya ba sa zuwa, shi ne wurin da ba a gyarawa. Da a ce kowane babban taro da ake yi a Kano yana ƙarewa da ziyarar Kurmi, da tuni an san inda za a samo kuɗin gyaran hanyarta.

Babbar shaidar wannan sakaci ita ce ganuwa. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, aka yi ta faɗaɗa ta a zamanin Rumfa da bayansa. Ta tsare garin daga mahara shekaru ɗaruruwa, har zuwa watan Fabrairu na 1903 da sojojin Ingila suka shigo da igwa. Abin da igwa ta bari, shi ne yau hannun 'yan gari yake ƙarasawa. Ana haƙe ƙasarta a yi gini, ana yanka filaye a jikinta, ana kafa shaguna a kanta, ana jibge mata shara. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya. Tun 2007 aka sa ganuwar a jerin wuraren da Nijeriya take neman UNESCO ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya, amma mai bin titin da ya wuce ta gaban tsohuwar harabar Jami'ar Bayero zai ga da idonsa yadda abin da ya rage yake zaizayewa kowace damina. Ƙofar siminti da aka shafa wa jan fenti ba za ta maye gurbin wadda magabata suka gina ba.

Saboda haka akwai aiki a kan kowa. Ma'aikatun da suke shirya taro su ware rabin wuni na zaga birni a cikin tsarinsu, su kuma sa gurasa da fura a teburin baƙi ba tare da jin kunya ba. Hukumomin tarihi da ƙananan hukumomin da birni yake ƙarƙashinsu su kafa alluna masu bayani da Hausa da Turanci da Larabci a kowace ƙofa, su gina bayan gida a Dala da Kurmi da Ƙofar Mata, su kuma hukunta mai cin ganuwa ko wane ne shi. Malaman duba-gari su riƙa zagaya masu abinci domin koya musu tsabta, ba domin karɓar na goro ba. Ɗaliban tarihi kuwa, waɗanda suke haddace sunayen sarakuna saboda jarrabawa, ga aikin ja-gora yana jiransu a lokacin hutu, su samu na kashewa, su kuma san garinsu da ƙafa.

Kuɗin da baƙo ya kashe a otal, a otal yake tsayawa. Wanda ya kashe a cikin birni kuwa yana shiga hannun marini da baduku da mai tanderu, shi ne kuma zai sa ɗan marini ya ga dalilin koyon sana'ar ubansa. Ma'aikacin da baƙo zai sauka a hannunsa makon gobe yana da zaɓi a gabansa. Allah ya sa a gyara tun ana da abin nunawa.