A kan ƙwayar barci: wasiƙa ga masu shagunan magani na Makola, Nima da Maamobi

Ƙannena da 'ya'yana a sana'a,

Na san ƙoƙarinku. Kafin mutumin Zango ya ga likita, ku yake fara gani. Kuna buɗe shago tun da sassafe har bayan lisha, kuna ba da bashi ga wanda ba shi da ko sidi ɗaya, kuna karanta wa tsohuwa takardar asibiti da Hausa. Allah ya saka da alheri. Haƙƙinku ne in faɗa, na kuwa faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne almakashin nan da ke ajiye a gefen teburinku. Hajiya ta taso daga Makola da magariba, ƙafafu a kumbure, ta ce, "A ba ni na barci." Yaron shago ya jawo katin diazepam, ya datse ƙwaya biyu shuɗɗa masu miligiram 10, waɗanda samari ke kira bulu-bulu, ya naɗe a 'yar takarda, ya karɓi kuɗi. Babu takardar likita, babu tambayar me ya hana ta barci, babu tambayar me take sha bayan wannan. Gobe ta dawo, jibi ta aiko jika. Shekara ta zagayo, ƙwaya ɗaya ta daina yi mata, ta koma biyu, ku kuwa kuna murna kun sami kwastoma.

Kun san doka, balle a ce rashin sani ne. Lasisin da Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Ghana ke bai wa mai ƙaramin shago ƙarƙashin Doka ta 857 ta 2013 na magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne kawai. Diazepam ba ya ciki, haka lorazepam da bromazepam. Shi ma mai babban kemis sai ya ga takarda. Don kun samo kwali da araha a Okaishie, wannan bai halatta muku tsinka shi ɗai-ɗai ba.

Dokar kuma da dalilinta. Tun da kamfanin Roche ya fitar da Valium a 1963 aka yi ta rubuta shi babu ƙaƙƙautawa, sai daga baya aka gane ɓarnar. A 1988 hukumar lura da lafiyar magunguna ta Ingila ta ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan irin waɗannan ƙwayoyi. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka ƙara tsananta gargaɗi a kwalayensu kan sabo da haɗarin dainawa. Ƙwayar tana danne ƙwaƙwalwa ne ta lafa. Idan aka jima ana yi, ƙwaƙwalwar sai ta saba, ta rage nata aikin na kwantar da kanta. Diazepam kuma yana daɗewa a jiki, ya kwana ya wuni, musamman a jikin tsoho. Shi ya sa Baba ke tashi alwalar asuba da jiri, ya zame a bayan gida, ya karya ƙugu, a ce tsufa ne. Idan kuwa ya haɗu da giya ko taramadol, numfashi yakan yi ƙasa har mutum ya wuce cikin barci. Kun ga abin da taramadol mai miligiram 225 ya yi wa samarinmu wajajen 2018. Har kun manta?

Laifi na biyu ya fi min ciwo, domin masu yin sa gani suke alheri suke yi. Ranar da aka ji jami'an hukuma na zagaye, ko aka yi wa'azi ya ratsa zuciya, sai mai shago ya ce wa Hajiyar nan da ya shekara yana sayar mata, "Daga yau babu. Ki daure ki daina." Wallahi wannan tuba ce mai cutarwa. Wanda jikinsa ya saba, in ya tsaya farat ɗaya, barcin ma gaba ɗaya yake ƙauracewa, ga rawar hannu, ga zufa, ga faɗuwar gaba, wani ya riƙa ganin abin da babu, wani ya faɗi yana farfaɗiya. Dangi su ce iska ce, a yi ta hayaƙi, alhali maganar asibiti ce ta gaggawa. Kai ka hau da ita bene hawa-hawa, sannan ka ce ta diro ta taga?

Farfesa Heather Ashton, wadda ta riƙe asibitin masu son rabuwa da waɗannan ƙwayoyi a Newcastle daga 1982 zuwa 1994, ta bar mana hanya, har yau kuma a kanta likitoci da dama ke tafiya. Ana ragewa ne kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ke sha, duk bayan mako ɗaya ko biyu. In jiki ya yi tsanani, a tsaya a wannan matakin har ya lafa, sannan a ci gaba. Ƙarshen ya fi wuya, nan ne ake tafiya da ƙananan ƙwayoyi masu miligiram 2. Wanda ke shan mai saurin fita daga jiki, irin lorazepam, likita kan mayar da shi kan diazepam tukuna. Abin yakan ɗauki watanni, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Amma ku ji ni da kyau: likita ne zai tsara wannan. Naku shi ne ku gaya wa mutum gaskiya, ku hana shi tsayawa kwatsam, ku tura shi Babban Asibitin Maamobi, ko Korle Bu, ko asibitin masu taɓin hankali na Pantang, a ranar, da katin ƙwayar a hannunsa. In ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ku nuna masa cewa sabon magani lalura ce da kan sami liman ta sami ɗan kasuwa.

Maigidan da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, yana da littafi mai baƙin bango da kabad mai kwaɗo, makullin a aljihunsa. Ƙwayar barci ba ta fita sai an rubuta suna da kwanan wata da likitan da ya rubuta. Mutum ya ce ba ya barci, sai ya jawo masa benci ya tambaye shi. Yau wa ke da benci a shago? Kun bar wa yara 'yan shekara goma sha biyar tebur, kuna can kuna latsa waya. Mu da ake kira likitocin unguwa, an wayi gari wasunmu ba su da maraba da masu tallar ƙwaya a tasha. Ku yi haƙuri, harshe ya yi kaifi. Ciwon sana'ar ne.

Ku dawo da tambayar nan, ita ce rabin magani. Saurayin da ya zauna a majalisa yana shan ataya zagaye uku har tsakar dare, ina zai ga barci? Dattijon da ke tauna goro bayan lisha fa? Hajiya bashin kaya ne ya tsaya mata a rai, ko ciwon gwiwa, ko yawan fitsarin dare da ke nuna sukari. Yarinya 'yar kayayo da ta wuni da kaya a ka, ta kwanta a bakin shagon wani cikin sauro da tsoro, in ka ba ta abin da zai sa ta yi barcin da ba ta san inda kanta yake ba, ka jefa ta cikin haɗari. Kowannensu da maganinsa: a bar shayi da goro tun la'asar, a riƙe lokacin kwanciya da na tashi, a ajiye waya, a je a auna jini da sukari, a nemi wanda za a yi wa kukan damuwa.

Roƙona biyu ne. Kada ku fara ɗora kowa a kan ƙwayar barci ba da takardar likita ba. Waɗanda kuma kuka riga kuka ɗora, kun san su da sunayensu da ƙofar gidajensu. Ku zauna da kowanne cikin makon nan, in ta kama ku raka shi asibiti da ƙafarku. Ribar da za ku rasa ba ta kai amanar da mutanen Zango suka ba ku ba.

Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya tsare mu da cin haram.

Naku,
wani tsohon mai harhaɗa magani a Maamobi.